Ba-musu Ya Koma Kujerar Dama

Shekara ashirin da uku ya yi yana tuƙa jirgin ɗaukar kaya na sojan sama, irin mai ƙaton cikin nan da ake shigar da mota ta bayansa. Ya sauka a filayen da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta bi, ya kai buhunan hatsi ga mutanen da ambaliya ta tsare, ya kwaso masu rauni yana jin nishinsu ta bayan ƙofa. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa su suka raɗa masa suna Ba-musu, don in ya ce hagu, to hagu ce, ko da kowa na ganin dama. Ba mugu ba ne. Bai taɓa zagin kowa ba, ba ya ma ɗaga murya. Kallo ɗaya yake yi wa mutum ta ƙasan gira, sai maganar da ta taso ta koma ciki.

Da ya cika arba'in da bakwai aka ƙara masa girma, aka ba shi ofis mai fanka biyu da kujera mai juyawa. Wata takwas yana sa hannu a takardun neman hutu da na sayen taya, ga taga tana kallon titin jirgi. Duk jirgin da ya tashi sai biron ya tsaya a hannunsa har ƙarar ta ɓace. Matarsa, malamar makaranta ce, ita ta fara cewa, "Baban yara, wannan kujerar cinye ka take yi. Ko abinci ka daina jin daɗinsa." A wata na tara ya ajiye kaki, ya nemi aiki a wani kamfanin jiragen fasinja.

Ya ɗauka abin gaisuwa ce kawai da nuna takardu. Ashe lasisin soja daban, na farar hula daban. Haka ya baje littattafai a teburin cin abinci, mutum da furfura a gemu, autarsa 'yar jami'a tana riƙe da littafi tana yi masa tambayoyi. Jarrabawar rubutu bai bar ko ɗaya a baya ba. Saura ta akwati.

Akwatin gwaji wani ƙaton ɗaki ne a kan ƙafafun ƙarfe, a cikin zaure mai sanyi. In ka shiga aka rufe, ba ka da maraba da wanda ke gaban jirgi na gaske: ga maɓallai, ga gajimare a gilashi, ga girgiza. Aka haɗa shi da wani mai neman aikin, magidanci ne da ya daɗe yana tuƙa ƙananan jirage. Mai jarrabawar, wani tsohon kyaftin mai sanƙo, ya zauna a bayansu da allonsa.

Suna tashi tsohon ya kashe musu injin guda. Ba-musu ko gezau. Ya turo musu hadari, ya ratsa shi kamar mai ratsa labule. Sai wajen sauka, aka faɗi tsayin da za su tsaya a kai, kunnensa ya ji wata lamba daban, ya murɗa ta a na'ura. Abokin nasa ya gani. Ya buɗe baki, ya ce, "Yallaɓai..." Ba-musu ya juyo ya dube shi. Mutumin ya haɗiye sauran. Can Ba-musu ya farga da kansa, ya gyara, ya ajiye jirgin a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

Ya fito yana gyara wuyan riga, yana jiran yabo. Tsohon ya zaunar da su a wani ɗan ofis, ya cire tabarau.

"Yallaɓai, na daɗe ban ga hannu irin naka ba. Amma ba zan sa mahaifiyata a jirginka ba."

Ba-musu ya yi masa kallon nan. Tsohon bai ma san ana yi ba. Ya nuna ɗayan da biro.

"Wannan bawan Allah ya riga ka ganin kuskuren da daƙiƙa arba'in. Malam, me ya hana ka faɗa?"

"Na ga kamar... kamar ya san abin da yake yi."

"Ka ji ko? A sama daƙiƙa arba'in tafiya ce mai nisa. Kuskure kowa na yi, ni ma na yi. Abin da ba na yafewa shi ne matuƙin da ake tsoron gaya wa gaskiya. Ku dawo bayan wata uku, ku duka biyun."

Da la'asar ya iso gida. Matarsa na zaune a falo da tulin littattafan ɗalibai tana duba su da jan biro. Ya zayyana mata komai, ya ƙare da cewa tsohon ƙyashin sojoji kawai yake yi. Ta rufe biron, ta dube shi.

"In faɗa, ko in yi shiru?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Yaushe na hana ki magana?"

"To. Shekara uku ke nan kana kiran mijin babbar 'yarka da sunan wansa."

Ya ce, "Kuma yake amsawa?"

"To ya zai yi? Ranar ɗaurin aure ka fara, kowa ya ce bari a samu lokacin da ya dace. Har yau lokacin bai zo ba. Ni kaina na kusa manta sunansa na gaskiya. Sannan hanyar gidan Yaya da kake zagayawa da mu, an buɗe sabuwar gada tun bara waccan. Muna bayan mota muna kallonta ta taga, muna wucewa."

Autar, da ke laɓe a ƙofar kicin, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ya dubi uwar, ya dubi 'yar. Ya so ya yi fushi, fushin ya ƙi zuwa. Ya tuna shekara ashirin da uku, ya tuna mutane nawa suka zauna a gefensa suka ce "Yallaɓai" suka yi shiru. Sau nawa Allah ne kawai ya kiyaye?

Ya ɗauki waya ya kira surukin, ya kira shi da sunansa na yanka. A ɗaya ɓangaren surukin ya ce, "Baba, lafiya dai ko? Wani abu na yi?"

Gyaran hali ba a kwana ɗaya ake yinsa ba. Washegari ya tara iyali ya ce, "Daga yau duk wanda ya ga na yi kuskure ya faɗa. Kun ji ko?" Duk suka ce, "To." Autar ce ta yi ƙarfin hali: "Baba, yanzu ma ai umarni ka ba mu." Yayarsa kuwa, wadda ita kaɗai ba ta taɓa shakkarsa ba, da labari ya kai mata dariya ta yi har da hawaye. "Ni da na goya ka? Tun kana rarrafe haka kake hararar mutane. Ba cewa za ka yi a faɗa ba. Tambaya za ka yi, sannan ka kama bakinka, ka kuma saki wannan girar."

Shi ke nan ya koyi cewa, "Me kake gani?" sannan ya ƙirga biyar a zuciya kafin ya sake magana. Ya gwada a kan makanike, ya gwada a kan mai gadi, ya gwada a kan matarsa har ta ce ya isa haka, ta gaji da ba da ra'ayi a kan labule. Ya nemi lambar abokin gwajin nasa, ya same shi a wani shagon shayi, ya ba shi haƙuri. Suka riƙa haɗuwa duk mako, suna jera kujeru biyu a falo, suna karanta jerin abubuwan dubawa, wannan ya faɗa wancan ya amsa.

Ranar da suka koma akwatin, tsohon ya ninka musu wahala. Ana tsakiyar hadari abokin ya ce da ƙarfi, "Gudunmu ya yi yawa!" Ba-musu ya ce, "Gaskiyarka, na gode," ya rage. Da suka fito tsohon hannu kawai ya miƙa musu ɗaya bayan ɗaya.

Aka ɗauke shi aiki, amma a kujerar dama, ta mataimaki. Mutumin da ake ƙame wa a ƙofar bariki ya koma zagaya jirgi cikin ruwan sama yana leƙen tayoyi. Kyaftin ɗin da ya fi yawan tashi da ita mace ce, ya girme ta da shekara goma sha biyu. Ranar farko da ta ba shi makirfo ya yi wa fasinjoji magana, ya ce, "Kowa ya zauna. Kowa ya ɗaura bel. Za a tashi." Ta kife kai a kan hannu tana dariya. "Oga, ba fareti ba ne. Akwai tsofaffi, akwai masu jarirai, akwai wanda tun jiya bai yi barci ba don tsoro. Ka ce musu sannu mana." Wani lokaci tsofaffin yaransa na soja su gan shi a filin jirgi yana jan jakarsa a bayan kyaftin ɗin, su ce, "Oga, kai ne a dama?" Ya ce, "Ita ma taga gare ta."

Shekara uku da rabi ya yi a nan kafin a ɗinka masa layi na huɗu a kafaɗa, ya koma hagu, kujerar kyaftin.

A watansa na biyu da zama kyaftin, wata safiya, ya ɗauko mutum ɗari da arba'in. Sun riga sun makara da minti arba'in, sun bi layi har sun kai bakin titi, hasumiyar kula da jirage ta ba su izinin tashi. Hannunsa na kan abin ba injin wuta sai wayar cikin jirgi ta yi ƙara. Ma'aikaciyar da ke zama a kujerar can baya ce.

"Kyaftin, ka yi haƙuri. Ina jin wani wari kamar na mai da ya ƙone, da wani ɗan tsiyaya a ƙarƙashin ƙafata. Wataƙila ba komai ba ne."

Ya dubi allunan gabansa, komai lafiya lau. Ya tambayi mataimakinsa abin da yake gani, ya ce shi bai ga komai ba.

"Shekara nawa kike zama a wannan kujerar?"

"Tara, Kyaftin."

"Kin taɓa jin irinsa?"

"A'a. Amma ƙila hancina ne..."

"Hancin naki muke bi. Mun koma."

Da ya sanar, jirgin ya ɗauki guna-guni. Aka sauke mutane, suka cika zauren jira suna tsaki. Wani mai babbar jaka ya tsare shi yana nuna shi da yatsa, wai taronsa ya lalace saboda matsoracin direba. Injiniyoyi suka shiga ƙarƙashin jirgin, awa guda ba su ga komai ba. Manajan kamfanin na filin ya zo yana share gumi. "Kyaftin, saboda hancin mutum ɗaya ka tsayar mana da jirgi? Me zan rubuta?" Ma'aikaciyar na tsaye a gefe, ta sunkuyar da kai, idonta ya cika.

"Ka rubuta ni na ce a dawo," in ji shi. "Ko ba a samu komai ba, gobe ta sake ji, zan sake dawowa."

Bai daɗe da rufe baki ba babban injiniya ya fito daga ƙarƙashin jirgin, hannunsa jage-jage da mai har gwiwa, yana riƙe da wani ɗan bututu da bai fi tsawon yatsa biyu ba. Ya tsage ta gefe. Ta nan man da ke motsa fukafukai da birki yake fesowa a kan ƙarfe mai zafi, kaɗan-kaɗan, yadda allo ba zai nuna ba sai ya yi nisa.

"Da kun tashi," in ji injiniyan, "minti ashirin, ko talatin..." Manajan ya nemi kujera ya zauna.

Ba-musu ya karɓi bututun, ya ce wa ma'aikaciyar ta biyo shi. Ya shiga zauren jira, ya karɓi makirfon mai kiran fasinjoji, ya yi musu sannu da haƙuri, ya ɗaga bututun sama ya bayyana musu abin da yake. Sannan ya ce, "Ni ban gani ba. Na'urorina ba su gani ba. Wannan baiwar Allah ce ta ji, ta kuma yi ƙarfin halin faɗa." Sai wata mata mai goyo ta fara tafi, kowa ya ɗauka. Mai babbar jakar ya matso yana sosa ƙeya, ya ce, "Taron ma dai ba wani taro ba ne."

Da azahar aka kawo wani jirgin, ya kai su lafiya. Daga baya kamfanin ya rubuta musu takardar yabo, ya kuma roƙe shi ya riƙa horar da sababbin matuƙa kwana biyu a mako, aikin da yake yi har yanzu, sauran kwanakin yana sama. Amma in yana ba da labarin ranar, ba takardar yake ambata ba. Bayan sun sauka ya tsaya ne a bakin ƙofar jirgi yana sallamar mutane, har aka zo kan ta ƙarshe, wata tsohuwa da sanda, jikarta na riƙe da hannunta. Ta tsaya ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi.

"Kai ne direban?"

"Ni ne, Mama."

"To, Allah ya yi maka albarka, ya raba ka da sharrin ƙarfe. Amma ɗan nan, ku riƙa duba motarku tun a gida, kafin ku ɗebi mutane."

Ya cire hula, ya rusuna. "An ji, Mama. Za a gyara."

Ya karɓi jakarta, ya riƙe mata hannu har ƙasan matakala.