Baƙuwar da Ta Hana a Kashe Kwamfuta

Kwana uku Falalu yana zarya daga Bakura zuwa wani ofis a Talata Mafara, yana neman takardar gonarsa ta rani kafin a saki ruwan Bakolori. Kullum amsar ɗaya ce: babbar kwamfutar da ke ajiye fayiloli ta cije, sai an kashe an kunna.

Yau ga wata baƙuwa zaune a gabanta, siririya, ƙafar gilashinta ɗaure da zare. Ba ta surutu. Lamba ɗaya take kallo tana hawa, tana rubuta ta a littafi. A ganin Falalu, irin mutanen nan ce da ba a tunawa da su sai abu ya lalace.

"Baiwar Allah, mi ke damun ta?" in ji Falalu.

"Baba, duk fayil ɗin da aka buɗe, manhajar tana kama wuri a ƙwaƙwalwar injin, ba ta saki. Sai na bar ta tana aiki zan ga inda take yoyo."

Wannan kam ya gane. Shekara ashirin yana gyaran magudana, kuma bai taɓa gano ɓaraka a busasshiyar kwata ba.

Sai ga Audu akawu, wai baƙon shugaba na jira, ya fizge wayar wuta daga bango. Aikin awa huɗu ya bi ruwa.

Baƙuwar ta mayar da wayar, ta buɗe sabon shafi.

Falalu ya ja benci, ya tokare soket ɗin da bayansa. "Audu, in ka isa, zo ka sake."