Na Canza Ranar Rasuwar Babana Don Kuɗin Fansho

Lokacin ina da shekara sha tara, ban daɗe da gama sakandare a Gummi ba, kuma ni kaɗai ke iya karanta takarda a gidanmu. Wannan ya sa kaina ya yi girma. Ba na jira, ba na shawara, in mutum yana bayani a hankali sai in katse shi. Babanmu mai gadi ne a wani ƙaramin asibiti can cikin ƙauyukan Bukkuyum, kowane wata ana cire masa wani abu daga albashi don fansho. Cikin azumi ya kwanta kwana uku, Allah Ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai wani mutum da ke yi wa mutane zirga-zirgar takardu ya ja ni gefe. Ya ce in ma'aikaci ya mutu shekara ba ta cika ba, duk abin da aka cire masa a shekarar ya tafi, har na sauran shekarun ma sai an yi wasa da shi. Ban tambayi kowa ba. Na sayar da akuyata na ba shi, ya kawo takardar shaidar mutuwa mai cewa Baba ya rasu ƙarshen Disamba. Asibitin nan babu mai leƙa shi, albashi ya ci gaba da shigowa, muka ci. Inna ba ta sani ba. Na ce mata haka gwamnati ke yi wa mamaci.

Cikin Fabrairu aka kira mu Gusau tantancewa. A mota sau biyu na buɗe baki zan gaya mata, na fasa. Mai tantancewar dattijo ne, ya yi mata gaisuwa, ya duba takarda, ya ɗago ya dube ta. Ya tambaye ta a hankali yadda aka yi ta yi doguwar tafiya haka tana cikin takaba. Na taka mata ƙafa ƙarƙashin tebur. Ta janye ƙafarta, ta ce ai ta fita takaba tun bayan cika-ciki, malam ne ya ƙirga mata wata huɗu da kwana goma. Dattijon ya ajiye biro. Ya tambaya wa ya kawo takardar nan, ya ce wannan maganar 'yan sanda ce. Na ce ni ce.

Abin da ya fi ƙona ni, ya bayyana mana cewa duk abin da aka cire wa Baba har watan da ya rasu haƙƙin magada ne, ko shekara ta cika ko ba ta cika ba. Ƙarya na saya da akuyata. Ya tausaya wa Inna, bai kira kowa ba, amma aka riƙe fayil ɗin kusan shekara biyu, aka kuma cire albashin da muka ci. Ƙannena biyu suka bar makaranta a tsakanin nan, ɗaya bai koma ba har yau.

A tasha Inna ta ce, "Ɗiyata, kin bar ubanki da rai wata shida a takarda, ni kuma kin ciyar da ni haram ina takabarsa." Ba ta ƙara ta da maganar ba.

'Yan uwa, in naku ya rasu yana aiki, ku kai rahoto da ranar gaskiya, ku tambayi ofis da bakinku. Kada ku saurari mai tsayawa bakin ƙofa. Ni iya karatu ya ruɗe ni, na ɗauka sani ne, ƙanena ya biya da makarantarsa.