Telan da Ya Koyi Sa Takalmi

Shekarunsa sittin da uku, tela ne, kuma tun yana saurayi bai taɓa taka keken ɗinki da takalmi ba. Yakan ce tafin ƙafa ne ke jin lafiyar keke kafin kunne ya ji.

Da ciwon sukari ya kama shi, ya bar zaƙi ba gardama, yana shan magani kan lokaci. Wata rana matarsa ta ga jini a tabarma, ta ɗaga ƙafarsa, sai ga allura a dunduniya. Shi ko a jikinsa.

Likita ya ce ciwon ya rage masa ji a ƙafa, kuma ƙaramin rauni kan iya cinye ta. Ba shi ba tafiya ba takalmi, ko a shago.

"Maigida, takalmi ko sandar guragu, zaɓi ɗaya," in ji matar.

"Ke kin fi likitan faɗa."

Kowace yamma takan duba masa tsakanin yatsu. Shi kuwa abin da yake kewa shi ne sanyin ƙarfen keken da sassafe, da yadda yake ɗumi a hankali ƙarƙashin ƙafarsa.

Jiya ya tsince alluran da suka zube ƙasa da maganaɗisu, ya ɗaure takalminsa, ya taka keken yana kasa kunne.