Tulu a Kujerar Ɗiyar Fari

Shekarun baya, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, a shekarar da gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, ina facin taya a bakin tashar Mayahi. Waɗanda suka san ni yanzu da furfura da carbi ba za su yarda ba, amma a lokacin kallon injiniya nake yi wa kaina. Rumfata ta kara ce, kayan aikina famfo da guduma da kwanon ruwan neman huji, amma in ka ji ina bayanin mota sai ka rantse ni na ƙera ta.

Wata rana wani nasara mai aikin haƙa rijiyoyi ya tsaya wurina, tayarsa ta sace. Ina cikin aiki na leƙa bayan motar, sai na ga ɗansa cikin wata 'yar kujera daidai jikinsa. An ɗaure yaron da ɗamara ta kafaɗu da ta ƙugu, ita kuma kujerar an ɗaure ta da ta motar. Barcinsa yake yi, duk da irin hanyar da suka biyo. Na ja aikin da gangan don in ƙare mata kallo. Bayan sun tafi na yi ta ba da labarinta, har mutanen tasha suka fara guduna.

Mutum ɗaya ne ya saurare ni bai yi dariya ba, shi ne abokina. Tare muka yi kiwon awaki muna yara, a wani ƙauye wajen Gidan Amumune. Ni na shigo gari, shi ya zauna gona, amma duk ranar kasuwa sai ya biyo rumfata mun sha hira. Yana da ɗiya guda, ta fari, ba a daɗe da yaye ta ba, kuma ta ci sunan mahaifiyarsa da ta rasu.

Yaran yanzu ba lalle su gane nauyin wannan ba. A wurinmu uba ba ya ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ba ya kiran sunansa, ba ya nuna ya san da shi. Uwar ma kau da kai take yi, kakanni da gwaggonni su ke da shi. To ita wannan ga ta ɗiyar fari, ga sunan uwa, kunyar ta zama biyu. Ban taɓa jin ya ce "ɗiyata" ba, sai dai "yarinyar can ta gidanmu". Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Duk ranar kasuwa sai ya sayi ƙuli-ƙuli ya ƙulle a bakin riga, in na tambaya ya ce na yaran maƙwabta ne. Maƙwabtan nan kuwa na san su, tsofaffi ne da ba su da ko jika a gida.

Da rani ya yi nisa, rumbuna suka koma fayau, ya zo ya zauna a kan tsohuwar tayar da nake ba baƙi. Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke kafin ya yi magana.

"Za ni kai iyalina Tasawa wurin yayana," in ji shi. "An ce can ana rabon jar dawa ta taimako. Ni kuma in wuce kudu cin rani."

Na ce Allah Ya sa haka ya fi alheri. Sai ya ce cikin matarsa ya tsufa, ba ta iya goyo, cinyarta ma ba wurin da yaro zai zauna. Dukanmu mun san motar kasuwa. A cika ta da buhuna har su kusa kai bakin bodi, sannan mutane su hau bisa, kowa ya riƙe abin da hannunsa ya samu.

"Abin nan da ka ce ka gani ga motar nasara," ya ce yana kallon gefe. "Shina yiwuwa a yi irinai?"

Wa ya ga injiniya ya samu aiki! Na ce masa ai wanda zan yi sai ya fi na nasara. Na samo akwatin katako na ganyen shayi wurin wani mai kanti, na cire gabansa, na goge bakin don kada sartse ya soki yarinya. Shi ya kawo audugar rimi daga matashin kansa muka shimfiɗa ciki, muka rufe da tsohon zane. Ɗamarar na yanko ta daga robar cikin taya, biyu ta kafaɗu ɗaya ta ƙugu, na naɗe su da tsumma don kada su ci fata. Maƙeri ya lanƙwasa mana ƙugiya biyu da za a rataya ta a ƙarfen bodin mota ko na amalanke, muka ƙara da igiyar kaba ta ɗaurewa ta ƙasa. Har mariƙi na yi mata, a ɗauke ta da hannu ɗaya kamar kwando.

Gwajin farko da ɗan akuya muka yi, a amalanken jaki, a kan hanyar da ta fi kowace gargada. Ɗan akuyan bai faɗo ba, amma da na zo kwance shi ya ba ni kofato a haɓa, na yi kwanaki ina tauna da gefe ɗaya. Abokina ya tafi da kujerar gida cikin buhu. Da kasuwa ta kewayo ya dawo, ya jawo ni bayan rumfa kamar mai sayar da kayan sata.

"Na gwada ta bayan rumbu, ba kowa," ya ce. "Ta zamna daram. Walle har ta ƙi fita, sai da na lallashe ta."

Ranar ce kaɗai na taɓa ganin haƙoransa duka a kan maganar yarinyar nan.

Ranar tafiya na rufe rumfa na ce zan je Tasawa sayen kayan faci. Gaskiyar magana, so nake in ga aikina a kan hanya, in ji ana tambaya wa ya yi wannan. Da hantsi suka iso a amalanke, shi da matarsa da yarinyar, da wata gwaggonsa tsohuwa da za ta bi su, yunwa ta mai da ita sai ƙashi da fata. Dangi sun rako su, har da surukinsa, uban matar, dattijo mai kwarjini wanda abokina ko ido ba ya haɗawa da shi. Cikin kayansu akwai tulun matar, cike da ruwa an toshe bakinsa da tsumma, don a shekarar nan ba mai kama hanya da fatan zai samu ruwa a gaba.

Muka hau muka rataya kujerar a ƙarfen da ke bayan kan direba, inda girgiza ta fi sauƙi. Na ja igiya, na jijjiga, ko motsi ba ta yi. Saura a miƙo yarinya. Sai wani taubashin abokina, mutum mai barkwanci wanda ba ya nufin kowa da sharri, ya hango mu daga ƙasa ya tafa hannu.

"Jama'a ku taho ku ga ikon Allah! Karagar mulki anka yi ma ɗiyar fari! Kai, yaushe ka sayar da kunyarka, nawa anka ba ka?"

Tasha ta kwashe da dariya. A shekarar nan dariya ta yi tsada, kowa ya samu sai ya yi ta da ƙarfi. Na duba abokina na ga kunnuwansa kamar za su kama da wuta. Surukinsa na tsaye a gindin motar, ya sunkuyar da kai yana gyara rawani, shi ma kunyar ta kama shi. Na buɗe baki na ce, "Ai saboda hanya ce, yarinyar..." sai abokina ya danne mini ƙafa da tasa har na ji zafi.

"Wace ɗiya?" ya ce da ƙarfi, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Na tulu ne. Ku miƙo mini tulun can kada ya fashe."

Aka miƙo tulu. Da hannunsa ya zaunar da shi a kan audugar rimin, ya ja ɗamarar kafaɗu ya ja ta ƙugu. Yarinyar ta gane kujerarta, ta miƙa hannu tana ƙananan kuka, gwaggo ta karɓe ta ta ce, "Taho nan, uwata, rabu da su." Aka ba tsohuwar wuri a kan buhu ta gefe, don ta samu iska. Uwar ta ja mayafi ta juya fuska wajen daji. Na raɗa masa cewa in mun fita gari sai mu sauya. Ya gyaɗa kai, amma motar cike take da mutanen ƙauyensu, kuma duk wanda ya ji maganar tulu yana nan zaune yana kallonmu.

Hanyar rairayi ce. Direba in ya ga yashi mai zurfi dole ya taka da ƙarfi, in ba haka ba mota ta kafe a yini ana tura ta. Mun yi nisa, rana ta take, yawancinmu gyangyaɗi ya fara ɗauka. A gangaren wani tudu direba ya saki mota, sai tayar baya ta daki kututturen da yashi ya rufe. Motar ta yi sama ta karkata. Na faɗa kan wani mutum, wani ya faɗo kaina. Da na ɗago, gwaggo na zaune inda take, hannuwanta a buɗe ba yarinya, tana kallonsu.

Abokina bai jira mota ta tsaya ba, ya dira. Na ga yana gudu a cikin yashi yana faɗuwa yana tashi, kuma yana kiran suna. Sunan mahaifiyarsa, sunan da ban taɓa ji a bakinsa ba tun muna yara, shi yake kira da iyakar muryarsa. Ya ɗauki yarinyar daga yashi ya manna a ƙirji. Ba jini ko ɗigo, sai dai wuyanta ya saki kuma numfashin sama-sama.

Haka ya hau da ita, haka ya riƙe ta a gaban kowa, yana yi mata magana a kunne. Ba wanda ya ƙara tuna wata kunya. Uwar ta rarrafo ta kama ƙafar yarinyar ta riƙe. Direba ya yi iyakar ƙoƙarinsa, jandarmomin bakin gari ma da suka leƙo suka gani ba su tsai da mu ba. Amma kafin mu kai gidan likita rai ya yi halinsa. Allah Ya sa mai ceto ce.

A ƙofar gidan yayansa aka sauke kaya. Yaron mota ya kwance kujerar ya miƙo ta ƙasa yadda take. Tulun ko tsagewa bai yi ba, tsumman bakinsa ma yana nan. Unguwar ba ruwa ranar, sai an bi layin rijiya, don haka da ruwan tulun nan mata suka yi wa yarinyar wanka.

Na so in sa guduma in farfasa kujerar, abokina ya hana. Gwaggo ba ta ga damina ba, tun ranar abinci ya daina shiga mata. Taubashin nan kuwa ya rayu shekaru masu yawa, amma bai sake tsokanar abokina ba ko sau ɗaya, kuma a wurin taubasai wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matar abokina ta haifi namiji. Da ya isa zama, abokina ya rataya kujerar a amalankensa ya ɗaure shi ciki, ya ratsa tsakiyar kasuwa da shi. Duk 'ya'yansa a cikinta suka yi tafiya har katakon ya ruɓe.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi ban samu ba. Taubashi wasansa ya yi, wanda al'ada ta ba shi. Tsohuwa ta riƙe da iyakar ƙarfin da yunwa ta bar mata. Abokina kuma tarbiyyar da aka yi mana ya bi, kuma ni har gobe ina ganin kunya ado ce, ba na son ranar da za ta ƙare a cikinmu. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma har yau in na tuna yarinyar nan tana miƙa hannu wajen kujerarta, sai abinci ya fita raina. Ban warke ba, na dai saba.

Abin da ya tayar mini da wannan, kwanan baya ɗiyata da ke aure a Maradi ta turo mini hotunan kujerun yara na mota a waya. Ɗanta na fari ya fara zama, suna yawan tafiya, wai in zaɓa mata mai ƙwari wadda kuma ba ta da nauyin ɗauka, tunda Baba tsohon injiniya ne. Ta ƙara da cewa uwar mijinta na faɗin ɓata kuɗi ne, a ba ta shi ta riƙe a cinya, kuma mutane za su ce ta cika rawar kai a kan ɗan fari.

Na gyara zama na fara bayani, a duba ɗamara, a duba maɗauri, a jijjiga a gani ko tana motsi. Abokina na gefena a kan tabarma, don yanzu nan garin yake zaune wurin ɗansa, idonsa ya yi rauni. Ya karɓi wayar ya kai ta dab da fuska, ya daɗe yana kallon hotunan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙo mini.

"Kowace ta saya, ka ce mata ta sa yaron ciki, ko gaban wa," ya ce. "Tamu ma ba ta da aibi."