Gwaggo Thelma, Mai Mayar da Kan Doya Rami

Kafin rana ta yi zafi Gwaggo Thelma Ngarrwu, ƙanwar mahaifina, ta riga ta ɗauki sandar tononta ta nufi kurmin bakin rafi. A can take durƙusawa ta bi busasshen reshen doyar daji har gindi, ta tona ta ciro. Sai ta yanke kan doyar ta mayar rami, ta rufe da ƙasa. Haka kakanninmu na yankin Arnhem Land suke noma: ka ci jiki, ka bar wa baɗi kai.

Shekarar da aladun daji suka shigo kurmin, sun tone shi kaf. Kurmin nan ne kaɗai wurin doyar da ya rage wa danginmu, sai kowa ya sallama. 'Yarta Rhonda har da dariya: "Haba Inna, ga fulawa a kanti, sai wahalar da gwiwa kike. Ke da alade wa zai fara gajiya?"

"Shi," in ji Gwaggo. "Ai shi ba uwarsa ce ta bar masa wurin ba."

Da idona na ga ta bi ramukan tana tsintar guntayen kan da suka tsira. Ta ɗora a baya ta hau tudu, ta dasa su a tsakanin duwatsu inda hancin alade ba ya shiga. Muna ta cewa tsufa ne, ko kallonmu ba ta yi ba.

Sai ga daminar da ta ƙi ƙarewa. Ruwa ya datse hanya, kanti ya koma wayam. Doyar tudun nan muka gasa a toka, yara suka ci suka yi barci. Kunya ta kama ni, ba zan ɓoye ba.

Gwaggo, ke ce kika ƙi saki lokacin da duk muka saki. Kaifi ɗaya, uwar tudu, mun gode. Yanzu gwiwar ta ƙi hawa, to ki huta, mu ma muna da ƙafa. Duk wanda aka bar wa wuri irin wannan, ya tashi ya riƙe.

Jiya Rhonda ta sauko daga tudun ta zube doya a gabanta. Gwaggo ta juya su ɗaya bayan ɗaya.

"Ina kawunan?"

"Suna rami, Inna."

Sai ta miƙa mata sandar.