Yadda Kawu Modu Ya Buɗe Mini Murya

Ranar wata Asabar ce da hantsi, a taron masunta a Gashua. Akwai sarkin ruwa, da wani babban baƙo daga Damaturu, da ni, da ƙanen mahaifiyata, Kawu Modu, mai sanarwa a wurin suna da ɗaurin aure. Baƙon ya miƙe yana jero gaisuwar manya, har ya kai ga waɗanda ba su zo ba. Sai Kawu ya kama gefen babbar rigar baƙon ya ja.

"Ranka ya daɗe, mun san junanmu. Faɗi abin da ya kawo ka, kifi na jira."

Halinsa ke nan. Duk wanda ya tsawaita jawabi a gabansa sai rigarsa ta sha ja, ko da liman ne.

A lokacin an kira ni gwajin murya a wani gidan rediyo, ni kuwa da na ga taro sai harshena ya yi nauyi. Mahaifina ya riga ya yanke hukunci: idan na faɗi, sai shagon hatsinsa na Nguru. Kawu ya ce a bar masa ni.

Bakin kogi ya fara kai ni. Ya nuna wani masunci can tsakiyar ruwa.

"Gaya masa matarsa ta haihu."

"Kawu, ta haihun?"

"Kai mai kai labari ne ko ungozoma?"

Na faɗa, mutumin bai ko waiwayo ba. Na sake, da duk ƙarfina. Sai ga shi ya saki taru yana tuƙo kwalekwale kamar zai kife. Yana isowa ya ce, "Namiji ko mace?"

Kawu ya ce, "Sai watan gobe, in Allah ya yarda. Ɗana ne ke koyon aiki."

Da filafili mutumin ya raka mu har bakin hanya. Kawu yana gudu yana ce mini, "Ka ga dai ya ji ka sarai."

Ranar kasuwa muka tafi karar shanu ta Nguru, wai in koyi kallon masu sauraro. Ya ƙwace takardar da na rubuta jawabina a ciki, ya tsayar da ni gaban shanun wani Bafulatani, ya ce in yi musu bayanin amfanin rigakafi. Ina cikin gabatarwa wata saniya ta juya mini baya ta yi abin da ta yi. Kawu ya dubi ƙasa, ya dube ni.

"Wannan ta faɗi ra'ayinta. Rage gabatarwar."

Ranar gwaji ya dage sai ya raka ni. Da ya leƙa ta gilashi ya ga ɗaki rufe, kujera ɗaya da makirufo, ransa ya ɓaci.

"Ina jama'ar? Duk wahalar nan ashe da ƙarfe za ka yi magana?"

Na buɗe baki da ƙarfi yadda aka koya mini a bakin kogi. Mai ɗaukar sauti ya fizge abin sauraren da ke kunnensa, ya ce, "Malam, fasa mana na'ura ka zo yi?" Aka ba ni dama ta ƙarshe. Kawu ya ja ni gefe, kuma ban taɓa jin ya yi magana a hankali ba sai ranar.

"Na yi kuskure, ɗana. Manta da kogi. Ka ɗauka uwarka ce zaune tana tankaɗe. Ita kaɗai za ka gaya wa."

Haka na yi. Na karanta har ƙarshe, muryata ba ta yi rawa ba.

Allah ya ji ƙan Kawu Modu, ya yalwata masa kabarinsa, ya sauƙaƙa masa amsar tambaya.

An ɗauke ni aikin, shagon hatsi kuma ya koma hannun ƙanena. Kawu ya rasu a damina ta gaba, kafin a fara ba ni karanta labaran rana.