Kanwar da Kawu Ya Shayar da Motarmu

Bijimai huɗu Baba ya kai kasuwa kafin motar nan ta shigo gidanmu a Gure. Ƙaramar bas ce, irin wadda ake ce ma disnef, tsohuwa ce da aka hau aka gaji a ƙasar Turawa, sannan ta biyo ta Kwatano ta iso mu. Kawu, ƙanen Innata, shi aka ba tuƙi. Ranar kasuwar Gidigir ya loda mutane da buhunan hatsi, ranar ta Bune ya komo da awaki a sama. Ni kuwa na faɗi jarrabawar birbe na bar lakwal, wato makaranta, ba ni da aiki sai wanke ta da kallon bidiyon gyaran mota a salula. Wasu da Faransanci, wasu ma ban san ko wane yare ba ne, hannun mutum kawai nake bi da ido.

Ba ta yi shekara ba ta fara zafi. Allurar da ke nuna zafin injin ta hau ja, farin hayaƙi na fita ta baya, in ka buɗe murfin mai sai ka ga wani abu kamar shayi da madara ya manne. Ruwa ke nan ya haɗu da mai. Tsakanin kan injin, wanda makanikai ke ce ma kilas, da gangar jikinsa akwai wani faifai siriri da ke raba wuta da ruwa da mai. Sunansa jwan. In ya ƙone, komai sai ya cakuɗe. Aka kai garaji aka canja. Wata uku ya sake ƙonewa, aka sake canjawa. Da ya ƙone na uku, a rairayin hanyar Kelle, sai da amalanken shanu ya jawo ta har ƙofar gida, mutanen unguwa na kallo.

Baba bai yi faɗa ba. Ya aika ma wani mai sayen matattun motoci a Damagaram, wanda ke farfasa su ya sayar da kayan, mutumin ya ce zai zo Jumma'a ta sama. Wato bijimai huɗu za su tafi a tsohon ƙarfe.

Washegari da safe na buɗe murfin radiyater, don dai in gani. Bakinsa duk wani farin ɓawo ya daskare. Na kankaro da farce na ɗanɗana. Wallahi kanwa ce, irin wadda Inna ke jefawa a wake. Na je na tambayi Kawu, cikin ladabi, inda yake ɗibar ruwan mota. Ya ce ai a rijiyoyin kwari, kuma da gangan yake zaɓen mai kanwa. Shi da ya tashi a bayan shanu ya sani, dabba in ba ta sha kanwa ba cikinta ba ya wankuwa. Har ɗan dunƙule yake ƙarawa in ya ga motar ta yi nauyi. Yana faɗi yana jin daɗi, don shi a ganinsa gata yake mata.

Na je wajen Baba na durƙusa na roƙi kwana bakwai ɗin nan da suka rage.

"Masu garaji sau biyu sun kasa, kai da salula za ka iya?"

"Baba, su jwan suke canjawa. Ba su tambayi abin da ke ƙona shi ba."

Ya ce in yi, ai gawa ba ta ƙin wanka da kowane ruwa, amma jwan ɗaya zai saya, babu na biyu.

Na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin iccen bedi, na fara kwancewa. Kowane bulo, wato noti, na cire sai in soka shi a kwali daidai wurin da yake zaune, don kada in rikice. Da na ɗaga kilas ɗin na ga abin da ya kusa sa ni kuka. Ƙananan ramukan da ruwa ke bi duk sun toshe da fari, wasu ko tsinke ba ya shiga. Shi kuma ƙarfen sanholo ne, kanwa ta cicci gefensa. Na ɗora ƙarfen awo a fuskarsa na duba ta wajen rana, sai ga haske na wucewa ta tsakiya. Zafi ya lanƙwasa shi. Ko jwan ɗari ka sa a kan wannan, sai ya ƙone.

Injin da ke daidaita shi sai Damagaram, kuma Baba ya riga ya yanke magana. Amma na taɓa ganin wani a bidiyo yana yi da gilashi. Na samo gilashin taga mai kauri wurin wani kafinta, na ɗora a kan teburi, na manna takardar yashi, na shafa ma fuskar kilas baƙin tukunya. Sai gugawa, gaba da baya, a zuba ruwa, a juya, a sake. Inda baƙin ya rage, nan ne rami. Kwana biyu cur ina wannan, kafaɗuna kamar ba nawa ba, har baƙin ya ɓace ko'ina, na ɗora ƙarfen awo haske ya ƙi wucewa.

Radiyater ne ya gagare ni. Na zuba ruwan zafi, na busa, na girgiza, ko gezau. Inna na tankaɗe tana kallona, sai ta ce in kanwa ta yi yawa a tukunya, tsamiya ake sa mata. Ta jiƙa mani tsamiya cikin babbar roba, ta tace sau biyu da kallabi. Muna zubawa cikin radiyater ya fara kumfa yana tsiii. Sau biyar muka yi, ruwan na fitowa kamar kunu, har ya komo garau. Wannan babu shi a bidiyon kowa, na Inna ne.

Wurin ɗaure kilas a kan sabon jwan ɗin da Baba ya saya ma akwai ilimi. Ba a farawa daga gefe a danna da bututu. Daga tsakiya ake farawa, a riƙa zagayawa waje, kaɗan kaɗan, sau uku. Wani tsohon makaniken soja a unguwarmu ya ara mani kile, sifanar nan da ke yin ƙas in ƙarfin ya kai. Sannan na cika radiyater da ruwan sama da muka tara a tano, wato duro, na cika bido biyu, jarkokin roba, na ajiye bayan kujera.

Ranar Alhamis muka gwada ta da lodi, hanyar Bune, da tsakar rana. Kawu na tuƙi, Baba a gaba idonsa a kan allura, ni a tsakiyarsu. A rairayi injin na kuka, allura ta ɗan ɗaga, sai ta tsaya tsakiya ta ƙi motsi. Da muka iso wani kwari, Kawu ya taka birki kusa da rijiya yadda ya saba, ya miƙa hannu zai ɗauki guga. Ƙanen uwata ne, shi ya koya mani riƙe sitiyari. Na dai daure na ce, "Kawu, don Allah a bar ta da na bido. Kanwar ce ke kashe ta."

Ya juyo ya dube ni, ya dubi Baba. Baba ya ce, "Ka ji abin da mai gyara ya ce." Kawu ya aje gugan, ya yi ƴar dariya, ya ce to shanun Turawa ke nan, ba su san daɗi ba. Muka kai Bune muka komo, ko kofi ɗaya ba ta sha ba.

Jumma'a bayan masallaci mutumin Damagaram ya iso da igiyar ja da mutane biyu. Ya tarar da ita a ƙofar gida tana aiki shiru, babu hayaƙi. Ya zagaya ta, ya buɗe murfin mai ya leƙa, ya tambayi Baba wane garaji ne ya yi. Baba ya nuna ni da haɓa. Aka kawo masa fura ya sha, Baba ya ba shi haƙurin wahalar hanya, ya ce motar ba ta sayarwa ba ce.